Baba Kanar ya rasu: ta'aziyya, da maganar littafin bashin da ya bari

Baban Khalifa (mai kula da zauren hirar unguwa na waya): Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga waɗanda labari bai riske su ba, musamman 'yan'uwanmu na Kaduna da Abuja da na ƙasashen waje: Allah ya yi wa Baba Kanar, likitan unguwarmu, rasuwa daren jiya bayan isha'i, a gidanshi. An yi mashi sutura yau da ƙarfe goma na safe, an kai shi makabartar Ɗanmarna a nan Katsina. Ya bar mata ɗaya, ɗiya bakwai da jikoki da dama. Maza na zaman makoki a ƙofar gida, mata a ciki. Allah ya jiƙan shi, ya kyauta namu ƙarshen. Duk mai wani abu da ya sani game da shi ya faɗa a nan, don yaranmu su ji. Masu tallar atamfa da turare, don Allah ku ɗaga mana ƙafa yau.

Maman Nana: Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba, ya sa can ta fi mashi nan.

Injiniya, Abuja: Amin. Wallahi yanzu nake gani. Ashe jikin ya yi tsanani haka?

Baban Khalifa: Ya kwana biyu yana fama da ƙafa da hawan jini, amma ranar Juma'ar da ta wuce ma da shi aka yi salla, a kan kujera.

Maman Nana: Ni dai tun safe abu ɗaya ke dawo mani, shekarar sanƙarau, 1996. Ba a daɗe da ƙaramar salla ba, zafi ya fara sauka. Ƙanena, wanda ke bi mani, lokacin shekararshi tara, ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, da safe sai ya ƙi buɗe ido, wai haske na sukar shi. Kakarmu ta ce iska ce, ta hura garwashi za ta yi mashi turare. Babanmu ba ya gari. Ni aka aika da gudu, ko takalmi ban sa ba. Na iske Baba Kanar a zaure yana shan koko, ya aje kofin bai ƙarasa ba. Da ya shigo ɗakin, abin da ya fara yi shi ne ture kaskon turaren da ƙafa, ya ce a buɗe taga. Ya sa hannu ƙarƙashin ƙeyar yaron ya ɗaga kan a hankali, sai muka ga gwiwoyin sun naɗe da kansu, yaron ya saki ƙara. Baba bai ce komai ba, ya saɓe shi a kafaɗa ya sa a bayan fijo ɗinshi. Kakarmu tana bin su tana cewa a bari uban yaro ya dawo, ya juyo ya ce mata, "Hajiya, in na jira ubanshi, zuwa zai yi ya karɓi gaisuwa." Ƙanen nan nawa yau ɗiyanshi biyar. Kunne ɗaya ne ya tafi, na hagu.

Sista mai ritaya: Maman Nana kin tuna mani da shekarar da ba na son tunawa. A annobar 1996 ɗin nan sama da mutum dubu 100 suka kamu a Najeriya, sama da dubu 11 suka rasu, kuma yawancinsu nan Arewa ne. Gado ya ƙare, ƙarƙashin itatuwa muke shimfiɗa tabarmi, muna rataya ledar ƙarin ruwa a reshe. Allurar da muke yi ta chloramphenicol ce mai mai, kaurinta sai ka sa ƙarfi kafin ta fita sirinji. Baba Kanar ya riga ya aje aiki lokacin, ba wanda ya kira shi, ba wanda ke biyan shi. Da asuba za ka ga fijon nan. Shi ya tsara mana layi irin na bariki: masu suma nan, masu iya zama can, 'yan rakiya su koma bayan igiya. Har da masu rawani ya kora bayan igiyar. Yaran yanzu sun samu sauƙi, tun 2011 aka fara ba da sabuwar rigakafin nau'in da ya fi yi mana ɓarna, ko da yake a 2017 wani nau'in ya sake ɓullowa ta Zamfara da Sakkwato har ya taɓo mu.

Ɗan Ƙofar Ƙwaya: Allah ya gafarta mashi. Amma tsakani da Allah Baba akwai faɗa. Ni ban taɓa shiga zauren nan da yake duba marasa lafiya na fito ban sha tsawa ba.

Maman Nana: Haba kai kau. Ko kwana bai yi a ƙasa ba.

Ɗan Ƙofar Ƙwaya: Anti ba aibata shi nake ba, halinshi ne, kowa ya sani. Na taɓa zuwa da mura, jikina duk ya mutu, na ce Baba a taimaka mani da allura in warware, gobe ina da lodi zuwa Jibiya. Ya zare gilashi ya dube ni tun daga hula har silifa. Ya ce, "Kai ka yi karatun ko ni?" Na ce shi. Ya ce to in je in sha ruwan ɗumi, in kwanta, ga ƙwaya ta kwana uku, kuma in ya ji na je kemis an soka mani wani abu kar in sake taka mashi zaure. Na fita ina ƙunƙuni, ina cewa wannan wane irin likita ne da ke rowar allura.

Sista mai ritaya: Ba rowa ba ce ɗana. Mutanenmu in ba a soke su ba gani suke ba a duba su ba. Shi kuwa ya ga abin da allurar banza ke yi. Lokacin da ake dafa allura a sake amfani da ita, in ba ta dahu ba ga ƙurji, ga ciwon hanta. In wanda bai iya ba ya soka a ɗuwawu ya taɓa jijiya, ƙafar yaro ta shanye, a ce shan inna ne. Na sha jin shi yana cewa maganin da zai shiga ta baki ba ya da dalilin shiga ta fata.

Abba Ɗalibi: Allah ya jiƙan Baba. An ce shi ne babban likitan sojojin Arewa a yaƙin Biyafara, har shi ya ciro wa wani janar harsashi a ƙirji.

Tsohon Kofur: Yaro, wa ya faɗa maka? Kar mu yi wa mamaci ƙarin gishiri, abin da ya yi ya ishe shi. Na farko, babu wani abu sojojin Arewa a yaƙin nan, sojan Najeriya ne. Na biyu, da aka fara yaƙi a watan Yulin 1967 oga bai kai shekara ashirin ba, bai daɗe da gama sakandare ba. Lokacin ana ɗibar mutane kamar me, rundunar da ba ta fi dubu 10 da 'yan kai ba sai da ta kai wajen dubu 250 kafin a gama. Da aka ga yana da ilmi sai aka tura shi ɓangaren asibiti, yana ɗaukar masu rauni, yana wanke ciwo, yana naɗa bandeji. Likitanci daga baya ne. Bayan an gama yaƙi a Janairun 1970 ya koma karatu, ya shiga jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya fito likita, sannan ya samu anini.

Sista mai ritaya: Haka ne. Yakan ba mu labarin zamansu a Malumfashi suna ɗalibai, don a lokacin asibitin koyarwa na jami'ar yana da reshe a can, da Zariya da Kaduna, kafin a tattara a koma Shika, kusa da Zariya.

Abba Ɗalibi: Na gode Baba Kofur. To kai a ina kuka haɗu?

Tsohon Kofur: Laberiya. Muna cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Monrobiya a watan Agustan 1990. Ni ɓaraguzan roka ne suka same ni a ƙauri, ciwon ya kwana biyu ya fara wari. Ina kwance ina jin ana maganar yanke ƙafar da Turanci, an ɗauka ba na ji. Sai wani hafsa ya duƙo ya karanta sunana a ƙirji, ya ce da Hausa, "Kai ɗan ina ne?" Na ce Katsina oga. Ya ce, "Wace ƙofa?" Na ce Ƙofar Marusa. Ya ce, "To ba za ka koma Ƙofar Marusa da sanda ba in Allah ya so, amma za ka tsane ni." Ai kuwa na tsane shi. Kullum safe da yamma sai ya buɗe ciwon ya kankare ruɓaɓɓen naman, maganin kashe zafi ya yi ƙaranci, tsumma nake cizawa. Na zage shi, hafsa guda, ina kofur. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Yau da ƙafar nan na raka shi Ɗanmarna.

Baban Khalifa: Allahu akbar.

Injiniya, Abuja: To ni abin da ya ɗaure mani kai, na ga hotunan jana'izar, ba tuta, ba fareti, ba begila. Mutumin da ya yi yaƙi biyu? Ga bariki nan Natsinta kusa. Mun ga yadda aka yi wa Buhari a Daura a watan Yulin 2025. Ban ce a yi daidai da na shugaban ƙasa ba, amma ko soja shida ai a turo.

Tsohon Kofur: Injiniya, wasiyya ce. Ya faɗa mani, ya faɗa wa iyalinshi: kar a jinkirta shi don jiran kowa, kar a harba bindiga a kan kabarinshi. Ya ce ya ji ƙararta iya ji. Mu 'yan mazan jiya mu tara muka je. Da aka gama rufewa jama'a suka fara watsewa, muka sa hulunanmu muka jera muka sara mashi, ba magana. Shi ke nan.

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ce ƙaramar ɗiyar marigayi. Yanzu mata suka ɗan ragu na samu na duba waya. Mun gode, Allah ya ba da lada, ya bar zumunci. Abin da Baba Kofur ya faɗa haka yake. Baba ba ya maganar yaƙi a gida ko kaɗan. Lambobin girmanshi a cikin gwangwanin madara suke, ƙarƙashin gado. In yara na fasa abin wasan wuta da salla, ɗaki yake shiga ya rufe. Ranar 15 ga Janairu, da ake tunawa da mazan jiya, ana aiko mashi da takardar gayyata, ba ya zuwa. Sau ɗaya ya taɓa buɗe mani baki, ina aji uku na sakandare, na tambaye shi don an ba mu aikin gida. Bai yi mani maganar harbi ba sam. Yara ya ba ni labari. Ya ce in suka shiga ƙauye a can gabas sai su iske yara zaune sun kasa ko kuka, ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya kakkarye, tamowa ta cinye su. Ya ce ranar farko don tausayi ya ba wani yaro abincinshi na gwangwani duka, yaron ya cinye, da dare ya rasu. Daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mashi cewa wanda yunwa ta daɗe a jikinshi da kaɗan-kaɗan ake fara mashi, madara tsararo, cokali-cokali. Ya ce yaron nan ne ya kai shi Zariya. Daga nan ya ce in je in rubuta abin da ke cikin littafin makaranta.

Maman Nana: Wayyo Allah. Auta sannu, Allah ya ba ku haƙuri. Ya jikin Hajiya?

Auta: Da sauƙi Anti, ta samu ta ɗan kurɓi kunu.

Injiniya, Abuja: Jama'a, irin wannan mutum bai kamata a bari sunanshi ya ɓace ba. Shawarata mu rubuta takarda, manyan unguwa su sa hannu, a nemi a sa wa layin gidanshi sunanshi, ko wani ɗaki a asibiti. Ni zan ɗauki nauyin allon. Mutumin da ya shekara kusan talatin yana duba mutane kyauta!

Abba Ɗalibi: Na goyi baya ɗari bisa ɗari.

Malam Dispensa: Tun ɗazu nake karantawa ina danne zuciyata, amma kalmar nan ta kyauta ta ishe ni. Tun a makabarta nake jin ta. Shekara 22 ina zauren nan, ni ke ƙirga ƙwaya in zuba a takarda, ni ke rubuta kati. Wa ya ce maku kyauta ne? Dubawa ce kyauta. Magani saye ake yi, kuma wani ne ke biya. Akwai littafi, manya guda huɗu masu baƙin bango. Baba biro biyu yake ajewa. In ya duba mutum ya ga ba shi da shi, gwauruwa ce, almajiri ne, ɗan ga-ruwa ne, sai ya rubuta da jan biro: na Allah. Wannan ya wuce, daga fanshonshi yake cikewa, ba ya son a sake tayar da shi. In kuwa mutum ya ce Baba ban fito da kuɗi ba, zan aiko, sai ya rubuta da shuɗi: zai kawo. Ku je ku buɗe littafin nan ku ga shuɗin biro. Masu shago, masu albashi, masu motar haya, har da waɗanda suka je Makka sau biyu. Kun san dalilin da ya sa aka rufe zauren shekara huɗu da suka wuce? Kowa cewa yake tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Kanta ce ta ƙare, ba kuɗin sake sarowa. Ranar da muka rufe, shi da kanshi ya goge rubutun ruwan gishiri da sukari da ke jikin bango, bai ce da ni uffan ba. Yanzu kuma a zo a kafa allo.

Baban Khalifa: Malam, a yi haƙuri, a sassauta. Ranar makoki ce.

Malam Dispensa: Na sassauta shekara 22, Alhaji.

Injiniya, Abuja: Malam Dispensa, ni ban san da wannan ba wallahi. Amma ai laifin ba na mutane kaɗai ba ne. In mutum bai tambayi kuɗinshi ba, ana ɗauka ya yafe. Me ya hana ku bi?

Malam Dispensa: Sau nawa na ce a ba ni littafin in zaga? Ya ce shi ba zai aika a tsaya ƙofar gidan mutum ba, don gobe in ɗan mutumin ya kwanta kunya za ta hana a kawo shi, yaron ne zai biya. Wannan ita ce hujjarshi, kuma ban iya kayar da ita ba. Amma rashin tambaya ba yafiya ba ce. Wanda ya yafe mawa ai ga shi nan da ja.

Tsohon Kofur: Gaskiya Malam ya faɗa. Ni na raka oga wajen tantance 'yan fansho, shekarun baya da abin ya yi tsanani. Tun asuba muke layi har la'asar, kanar guda da farin gashi, yana riƙe da fayil a leda, ƙafa ta kumbura. Na ce oga bari in yi magana a shigar da kai, ya ce in na buɗe baki sai ya sa ni tsallen kwaɗo a gaban jama'a. A hanyar dawowa ya tsaya ya sari magani da kuɗin motar da ya rage, muka ƙaraso a bayan a-kori-kura.

Hajiya Babba: Ni fa ban ji daɗin yadda zancen nan ya juya ba. Mutum ya yi abinshi don Allah, ya tafi da ladarshi, yanzu za a mayar da shi mai bin bashi. Ana tonon silili ne ko ta'aziyya? Shi bai tona asirin kowa ba yana raye.

Auta: Inna, ki yi haƙuri in sa baki. Da don ta mu ne wallahi da mun rufe littattafan mun aje. Amma akwai abin da Kawu Dispensa bai faɗa ba don kara. Ana bin Baba bashi. Akwai wani ɗan kasuwa, ɗan ƙabilar Ibo, da ya shekara da shekaru yana ba shi magani a kan amana, in fansho ya shigo a rage. Da aka rufe zaure akwai saura naira dubu 640, Baba yana ta ragewa da kaɗan-kaɗan, yanzu saura dubu 410. Yau mutumin nan ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma cikin jama'a yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce da yayanmu ya yafe. Yaya ya ce a'a, Baba ya bar wasiyya a rubuce cewa a biya shi kafin a raba ko tsinke, don shi ma yana da iyali kuma shi ma sarowa ya yi. Abin da Baba ya bari gidan nan ne da fijon da ta shekara shida a kan duwatsu.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Ban sani ba ɗiyata. Na janye.

Baban Khalifa: Allah gafarta Malam, muna ganin kana karantawa. A taimaka mana.

Malam na Masallaci: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kanar. Magana biyu ce. Ta farko, bashin da ake bin shi. Ya tabbata a hadisi cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa, kuma Alƙur'ani ya sa biyan bashi da wasiyya gaba da rabon gado. In mai bashi ya yafe da zuciya ɗaya, ya sauka. Amma tunda marigayi ya yi wasiyya a biya, kuma magada sun zaɓi haka, to a biya shi ya fi. Ta biyu, bashin da shi yake bi. Mutuwarsa ba ta goge shi ba, ya koma haƙƙin magada. Wanda ya ce zai kawo bai kawo ba, yanzu marayu da mai takaba yake riƙe wa. Ba na goyon bayan a lissafa sunaye a nan. Kowa ya san kansa. Wanda yake kokwanto ya bi ta bayan fage ya tambaya.

Abba Ɗalibi: Malam, to wanda aka rubuta mashi naira 50 a 1997 fa? Yanzu ko ruwan leda biyu da ƙyar. Hamsin ɗin zai kai?

Malam na Masallaci: Abin da ke wuyansa a hukunci, a wurin mafi yawan malamai, shi ne adadin da aka rubuta, kuma magada ba za su sharɗanta ƙari ba. Amma Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya biya bashi da abin da ya fi wanda ya karɓa, ya ce mafi alherinku shi ne mafi kyautata biya. Wanda ya riƙe hamsin shekara kusan talatin, shi ya san abin da hamsin take saye a lokacin.

Ɗan Ƙofar Ƙwaya: Malam ya ɗaure mu da igiyar da ba ta da ƙulli.

Dakta, Saudiyya: Assalamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki. Ban san ta inda zan fara ba. Baba ne ya saya mani abin sauraren ƙirji na farko da zan shiga aji huɗu, nashi na soja ma ya so ba ni, na ce ya fi ƙarfina. In na zo hutu a zauren nake yini. Shi ya koya mani in fara duban yadda mara lafiya ya shigo kafin in dubi katinshi. Rubutun bangon da Kawu ya ambata har yanzu ina iya karanto shi: gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, sukari goma, ruwa kwalbar lemo biyu, irin wanda aka yi ta koyarwa zamanin da Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya. Iyaye mata, yanzu dai a nemi na ƙunshi da ake sayarwa a kemis a haɗa da zinc, ya fi daidaito. Auta, ki turo mani lambar asusun Yaya, dubu 150 daga wajena.

Malam Dispensa: Allah ya saka. Amma Dakta, tunda ka fito, kai ma ina da magana da kai. Kai yake cewa za ka gaji zauren. Har ranar da ka zo sallama bai ce maka kar ka tafi ba, amma da ka fita ya daɗe bai kira mai bi ba.

Dakta, Saudiyya: Kawu, na sani. Ba zan yi maka ƙarya in ce gobe zan dawo ba. Na yi shekara shida ina aiki a gida, wata rana ni kaɗai a kan ɗakuna uku da dare, albashi ba ya kai ni ashirin ga wata, ga ƙanne bakwai a kaina. Baba yana da fansho, komai ƙanƙantarshi, kuma yana da zuciyar da ni ban da ita. Kuma ka ga yadda aka yi da shi ɗin ma. In na dawo na buɗe zauren, littafi na biyar zan fara.

Hajiya Babba: Kowa ya tafi, mu wa zai duba mu?

Dakta, Saudiyya: Inna, ba ni da amsa.

Injiniya, Abuja: Na janye maganar allo, aƙalla har a sauke wannan. Kuɗin allon da na yi niyya, dubu 80, na tura wa Alhaji. Kuma Auta, ki duba mani sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙan ta, wajejen 2003 zuwa 2005. Ta yi jinyar ciwon suga a wurinshi, ni nake cewa zan aiko daga Abuja. Ban tuna ko na aiko duka ba.

Baban Khalifa: To ga yadda za a yi. Littattafan suna hannun Auta da Malam Dispensa, ba mai ɗaukar hotonsu. Mai tambaya ya bi su shi kaɗai. Abin da aka biya na littafi na magada ne, su suka san yadda za su yi da shi. Gudummawa kuma daban, ta wurina za ta bi, zan riƙa sanar da jimla kullum bayan isha'i ba tare da suna ba, sai wanda ya ce a faɗa. In Allah ya so kafin kwana bakwai mu kai wa bawan Allahn nan kuɗinshi, ni da Baba Kofur da babban ɗan marigayi. Masu tambayar ko za a yi sadakar uku, wannan maganar iyali ce, kuma ba za mu buɗe wannan muhawarar a nan ba, mun san inda take kai mu.

Maman Nana: Auta, na sanƙarau ɗin nan fa? Duba mani, 1996.

Auta: Na gani Anti. Da ja ne.

Maman Nana: Ai kuwa lokacin babanmu ba ya da aiki. Allah sarki Baba. Duk da haka zan aiko, a sa a gudummawa.

Ɗan Ƙofar Ƙwaya: Auta, ni ma duba mani. Ba sai kin bi ni ta gefe ba, faɗi a nan, ni na yarda. Ina jin ranar murar nan ban biya ba, don cikin fushi na fita.

Auta: Yaya ka tabbata?

Ɗan Ƙofar Ƙwaya: Faɗi kawai.

Auta: Littafi na biyu ne, da shuɗi. Ga abin da ya rubuta: "Direban Jibiya. Mura. Yana son allura, an hana. Naira 60. Zai kawo in ya huce."

Ɗan Ƙofar Ƙwaya: Alhaji, turo mani lambar asusun.